Yadda Za Ka Shirya wa JAMB Kada Lokaci Ya Ƙure Maka

Duk shekara idan sakamakon JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, ya fito, magana ɗaya nake ji a bakin yaran da nake yi wa lesin a Gwale: "Wallahi Malam na san amsar, lokaci ne ya ƙare." Kuma gaskiya suke faɗi. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, maki 400 gaba ɗaya. In ka raba, daƙiƙa 40 kacal kowace tambaya take samu. Don haka da agogo a hannu ake wannan shiri.

Fara da sauke manhajar karatu (silabus) ta darussanka huɗu daga shafin JAMB, ka tabbatar haɗinsu ya dace da kwas ɗin da kake nema a Jami'ar Bayero ko wata. Mai neman likitanci, misali, Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks zai rubuta.

Sai ka sayi littattafan tsofaffin tambayoyi a shagunan Sabon Gari. A nan ne yawancin yara ke ɓata: su zauna suna haddace amsoshi, ranar jarrabawa a ɗan juya tambayar, su rikice. Kai ba haka za ka yi ba. Bayan sallar Asuba, kafin gari ya ɗau zafi, ɗauki tambayoyi 40, saita agogon waya minti 27, kada ka leƙa amsa sai ya buga. Daga nan ɗauko wani littafi daban, ka rubuta duk tambayar da ka faɗi da dalilin faɗuwar: darasin ne ban sani ba, gaggawa na yi, ko Turancin tambayar ne ban gane ba? Wannan na ukun shi ya fi cin yaranmu, ni dai a ganina, kuma kunya ke hana su faɗa. Cikin mako biyu littafin zai nuna maka inda ciwonka yake, can za ka zuba ƙarfinka.

Kada ka raina kwamfuta. Tun 2015 a kanta ake rubuta jarrabawar gaba ɗaya. Na koyar da wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai wadda sai a ɗakin jarrabawa ta fara riƙe linzami, hannunta na rawa, mintuna na wucewa; abin har yau yana damuna. Je shagon intanet ko sau ɗaya a mako, ka saba da madannai: A zuwa D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya. In an buɗe rajistar jarrabawar gwaji, yi.

Ranar jarrabawa fara da darasin da ka fi iyawa. Tambayar da ta cije, tsallake ta ka dawo, amma kada ka bar ko ɗaya babu amsa, don ba a rage maki kan kuskure. Tun ana gobe jarrabawa kuwa ka hau adaidaita ka je ka ga cibiyar da aka tura ka da idonka, ka lissafa cunkoson hanya, ka ajiye takardar shaidarka inda hannu zai kai.