Yadda ake karɓar sabuwar waya a biya kaɗan-kaɗan: bincike, amincewa da abin da ke biyo baya

Kwanakin baya na raka ɗan yayata wani shagon waya a Kano. Adaidaita Sahu yake tuƙawa, ya yi wata huɗu yana tara naira dubu sittin ta kafin alƙalami, ya kuma riga ya zaɓi wayar da yake so har da launinta. Wakilin kamfanin bashin ya karɓi lambar BVN ɗinsa, ya ɗauki hotonsa, ya danna. Ba a yi minti uku ba ya ɗago kai ya ce, “Yallaɓai, ba a amince ba.” Yaron ya juyo ya dube ni, ya ce, “Kawu, wallahi ni ban taɓa cin bashin banki ba.” Gaskiya ya faɗa. Amma da muka bi diddigi, ashe shekara biyu da suka wuce ya ranci dubu takwas a wata manhajar bashi, ya goge ta daga wayarsa, ya ɗauka magana ta wuce. Manhajar ta bar wayarsa, sunansa bai bar kundinsu ba.

Tun ranar na gane cewa ba a shago ake yanke hukuncin nan ba. Wakilin da ke zaune gabanka ba shi da ta cewa, na'ura ce take duba bayanka ta ba da amsa. Don haka aikin yana farawa tun daga gida, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: ka san abin da aka rubuta a kanka

A Najeriya akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Bankin Ƙasa da aikinsu shi ne adana tarihin bashin mutane: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Bankuna, ƙananan bankuna da yawancin manhajojin bashi masu rajista suna aika musu bayanin wanda ya karɓa, nawa ya karɓa, ko ya biya a kan lokaci, ko ya makara, ko ya gudu. Abin da ke haɗa duk wannan da kai shi ne BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 da aka fara bayarwa a 2014. Ko ka canza banki, ko ka canza layi, ko ka koma wani gari, ita ba ta canzawa.

Dokar da ta tsara wannan harka, wadda aka sa wa hannu a 2017, ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara. Mutane kaɗan ne suka san da haka. Ka shiga shafin ɗaya daga cikin kamfanonin ka nema, in da hali ka nemi na dukan ukun, domin mai ba da bashi yana iya aika bayani ga ɗaya bai aika wa ɗayan ba. Idan rahoton ya zo, ka duba abu uku: bashin da ka manta da shi, bashin da ka biya amma har yanzu yana nuna ba a biya ba, da bashin da ba ka ma san da shi ba. Na ukun nan shi ya fi tayar da hankali, don yana nufin wani ya yi amfani da bayananka.

Idan bashin naka ne, ka biya, ka kuma nemi takardar shaidar kammala biya daga wanda ya ba ka. Kada ka wadatu da “ai mun gani”. Idan kuskure ne, ka rubuta ƙorafi ga mai bashin da kuma kamfanin adana tarihin, doka ta wajabta musu su bincika su gyara. Gyaran ba ya bayyana a rana ɗaya, don haka ka bar 'yan makonni tsakanin biya da zuwa shago.

Wanda bai taɓa cin bashi ba shi ma yana iya shan mamaki. A wajenmu wannan abin yabo ne, amma a idon na'ura shafinsa fari ne, ba ta da abin da za ta auna shi da shi. Irin wannan mutum galibi akan nemi ya ba da kafin alƙalami mai kauri, ko a fara shi da waya mai sauƙin kuɗi.

Mataki na biyu: ka daidaita sunanka

Wannan matsala ce da ta fi damun mu a Arewa. A banki an rubuta Mohammed, a katin ɗan ƙasa Muhammad. A nan Abubakar Sadiq, a can Sadiq Abubakar. Ranar haihuwa kuwa, a wani wuri ɗaya ga Janairu, a wani wuri wata rana dabam. Mutum zai gane kai ne, na'ura ba za ta gane ba. Danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi ka ga BVN ɗinka, danna *346# ka ga NIN, sannan ka gwada su da katin shaidar da za ka tafi da shi. Gyaran BVN a bankinka ake yi, na NIN kuma a wajen hukumar NIMC.

Ka tabbata layin da ke haɗe da BVN ɗin yana hannunka yana kuma aiki, domin a kansa za a turo lambar tabbatarwa. Tsohon layi da aka daɗe ana sa masa kati ya fi sabon da aka saya jiya daraja a wannan bincike.

Mataki na uku: ka yi lissafi kafin ka ga wayar

Nan ne ya kamata a zauna, don nan ne mutane suka fi faɗawa. Wakili zai ce maka “dubu talatin ne kawai a wata”, ko “ɗari tara ne kawai a rana”. Kalmar “kawai” ɗin nan ita ke cinye aljihu. Tambayoyin da za ka yi su ne: nawa ne kuɗin wayar idan hannu da hannu ne, nawa ne kafin alƙalami, kuma nawa ne jimillar abin da zai fita daga aljihuna ranar da na gama?

Mu ɗauki misali. Waya ta naira 200,000, ka ba da 60,000, saura 140,000. Aka ce ka riƙa biyan 30,000 duk wata har wata shida, wato 180,000. Jimilla 240,000 ke nan, ƙarin 40,000. Wata wayar kuma aka ce 900 a rana har shekara guda: 328,500, ban da abin da ka fara bayarwa. Ɗari tara ba ta da nauyi a baki, amma a ranar da ruwa ya hana fita, ko babur ya lalace, ko yaro ya kwanta, ita ma ana jiran ta.

Tsare-tsaren sun bambanta. Akwai irin na M-KOPA, kamfanin da ya faro a Kenya da fitilun sola kafin ya shiga harkar waya, inda ake biya kullum ko mako-mako, wayar da kanta ce jingina. Akwai irin na EasyBuy da ake samun wakilansu a shagunan waya, inda ake ba da wani kaso a farko a biya sauran wata-wata. Akwai kuma na bankuna, wanda ya fi dacewa da mai albashi tunda daga albashin ake cira. Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu da kuɗinsa ke shigowa kullum zai fi jin daɗin biyan kullum, ma'aikaci kuma ya nemi a sa ranar biya bayan ranar albashi da kwana biyu ko uku, ba kafin ta ba.

Ga wanda batun kuɗin ruwa ke damunsa, kuma ya kamata ya dame mu, akwai bambancin da ya wajaba a gane. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta halatta a sayar da kaya da farashin da ya fi na hannu idan biyan na ajali ne, matuƙar an tsaya a kan farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki, ta kuma haramta a ƙara wa wanda ya makara wani abu a kan bashin. To sai ka tambaya: wa ke sayar min da wayar nan? Idan kamfanin ya mallaki wayar ya sayar maka, ciniki ne. Idan kuwa kuɗi ya ranta maka ya biya mai shago, kai kuma ka mayar da ƙari, wannan wata magana ce. Ka ɗauki takardar ka kai wa malamin da ka yarda da shi kafin ka sa hannu. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz, TAJBank da Lotus, suna da tsarin murabaha, inda banki zai sayi kayan ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko.

Mataki na huɗu: ranar nema

Ka tafi da katin shaida, BVN, layinka, katin cire kuɗi da kafin alƙalaminka. Wasu za su nemi bayanan shige da ficen asusunka na wata uku zuwa shida. Wanda duk cinikinsa na tsabar kuɗi ne, asusunsa zai nuna kamar ba ya samun komai, don haka yana da kyau tun watanni kafin nan ka riƙa bi da kuɗinka ta asusu. Za a ɗauki hoton fuskarka a gwada da na BVN. Za a tambaye ka sana'a, adireshi da abin da kake samu. Faɗi gaskiya, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma adadin da ka faɗa za a gwada shi da abin da asusunka ya nuna.

Za a nemi lambar mutum ɗaya ko biyu da suka san ka. Ka sanar da su kafin ka bayar, don ana iya kiran su nan take. Ka kuma tambaya ko shaida kawai ake so su yi ko tsaya maka za su yi, domin wanda ya tsaya maka shi za a bi idan ka gaza.

Wani abu da nake roƙon kowa a kai: kada ka karɓar wa wani waya da BVN ɗinka. Aboki ne, ƙani ne, saurayi ne, amsar ɗaya ce. Bashin a wuyanka yake. Tun watan Agustan 2020 aka fara aiki da tsarin Babban Banki da ake kira GSI, wanda ya ba bankin da ke bin ka damar cire kuɗinsa daga sauran asusunka na wasu bankuna idan ka sa hannu a kan haka kuma ka ƙi biya. Sau da yawa wannan sharaɗi yana cikin takardar da mutum ya sa wa hannu bai karanta ba. Haka kuma lambar sirrin katinka ba ta kowa ba ce, har da wakili.

Idan aka ce ba a amince ba

Kada ka fita ka shiga shago na gaba, da na gaba da shi, duk a yini ɗaya. Duk lokacin da mai ba da bashi ya nemi rahotonka, ana rubutawa, kuma nema da yawa a jere yana sa a ɗauke ka a matsayin wanda ya matsu. Tambayi dalili, koma mataki na farko. Wani lokaci maganin bai wuce ƙara kafin alƙalami ko sauka zuwa waya mai rahusa ba. Ɗan yayar tawa ya biya tsohon bashinsa da abin da ya hau kansa, ya karɓi takardar shaida, ya shiga adashi na wata biyu ya ƙara a kan dubu sittin ɗinsa. Da ya koma aka ba shi.

Idan aka amince

Murna ta jira tukuna, karanta yarjejeniyar. Ka nemi sanin abin da zai faru idan ka makara kwana ɗaya, ko akwai tara, ko za a rage maka idan ka biya da wuri, da kuma wanda zai ɗauki asara idan aka sace wayar ko gilashinta ya fashe. A mafi yawan tsare-tsare bashin yana nan ko wayar ta faɗa rijiya, sai dai in an haɗa da inshora a rubuce. A buɗe kwalin a gabanka, ka danna *#06# ka gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da ta jikin kwali da ta cikin takarda.

Wayoyin nan suna zuwa da manhajar kulle. Ranar biya ta wuce, wayar ta rufe, sai shafin biya kawai take nunawa. Ga wanda sana'arsa ke kan wayar, mai POS, mai kai saƙo, mai sayar da kaya ta WhatsApp, wannan na nufin ranar da ya fi bukatar kuɗi ita ce ranar da hanyar samun su ta toshe. Shi ya sa nake ba da shawarar ka riƙa zama gaba da biyanka da 'yan kwanaki. Kada ka kai ta wajen mai gyara ya cire kullen, kada kuma ka sayar da ita kafin ka gama, don cutar wanda ya saya za ka yi, bashin kuma bai bar ka ba. Mai sayen waya ta hannu shi ma ya bincika ko ba ta bashi ba ce.

Biya ta hanyar da kamfani ya rubuta a takarda, ba asusun wakili na kansa ba, ka kuma adana kowane rasit. Idan aka shiga kiran 'yan uwanka ana ci maka mutunci ko ana yaɗa hotonka, kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, in banki ne kuma sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki.

Ranar da ka yi biya na ƙarshe, ka tsaya sai an cire manhajar kullen, a ba ka takardar shaidar kammalawa, ka kuma soke umarnin cire kuɗi daga asusunka. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake neman rahotonka, ka ga da idonka an rubuta cewa an rufe bashin.