Kurakuran masu sakin manhaja kyauta

Da yawa sukan ɗora manhajarsu a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ba tare da lasisi ba, a ransu sun yi sadaka ke nan. A wajen doka kuwa ba a yi komai ba. A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Berne kan haƙƙin mallaka, har da Najeriya da Nijar, haƙƙin mallaka yana hawa kan aiki tun daga lokacin da aka rubuta shi, ko mai shi bai nema ba. Kamfanin da ke da lauya ba zai kusanci irin wannan manhaja ba. Gyaran bai wuce a ajiye fayil ɗin LICENSE ba.

Wasu kuma sai su rubuta layi ɗaya: "Na bar wa duniya." Nan ne gizo ke saƙar. A Jamus, alal misali, doka ba ta yarda marubuci ya yafe haƙƙinsa gaba ɗaya ba, don haka mai amfani da aikin a can yana cikin kokwanto. Dubi SQLite, manhajar adana bayanai wadda take mallakar jama'a: kamfanin Hwaci har sayar wa kamfanoni yake yi da takardar shaidar cewa suna da izinin amfani da ita, kuma ba a karɓar gyara daga wanda bai sa hannu a kan ya sallama nasa haƙƙin ba.

To CC0 fa, wato takardar sallama haƙƙi ta ƙungiyar Creative Commons? Tana da lasisin ko-ta-kwana idan sallamawar ba ta yi aiki ba, amma ta fito fili ta ce ba ta shafi haƙƙin ƙirƙira (patent) ba. Shi ya sa Fedora, ɗaya daga cikin tsare-tsaren Linux, ta daina karɓarta ga manhaja a 2022. A ganina, wanda ba ya son gindaya kowane sharaɗi ya ɗauki lasisin 0BSD ko MIT-0, ya huta.

Masu ɗaukar manhajar wasu ma suna da nasu kurakuran. Lasisin MIT yana da sharaɗi: a bar sunan mai haƙƙi da rubutun lasisin a kowane kwafi. Apache 2.0 ta ƙara da cewa a nuna fayilolin da aka sauya. Kuma manhajar wani da ka cusa cikin taka ba taka ba ce, balle ka kyautar.

Sai masu ƙara sharaɗi daga aljihunsu. Douglas Crockford, wanda ya fito da tsarin rubuta bayanai na JSON, ya sa wa lasisin JSON cewa a yi aikin alheri da shi, ban da sharri. Wa zai yanke hukuncin mene ne sharri? Debian, ita ma tsarin Linux, ta fitar da shi daga sahun manhajoji masu 'yanci saboda wannan jimla kaɗai.