Kurakuran sudir ɗin tiyon jan ƙarfe da ke cikin ƙasa

Yawancin yoyon da ake sake tonowa a tsoffin gidajen Maradi masu tiyon jan ƙarfe ba laifin rakor (guntun da ke haɗa tiyo biyu) ba ne, gaggawar mai aiki ce, kuma babbar matsalar ruwan da ya rage cikin tiyo. Ka rufe ban (makullin ruwa) ɗin kontar ka ɗauka shikenan, alhali tiyon da ke rami shi ne mafi ƙasa, duk ruwan gidan can yake gangarowa. Ruwa na tafasa a digiri 100, ita ko kuzar sudir (ƙarfen da ake narkarwa a liƙe haɗin) sai wajen 230 take narkewa, to ko ka ƙarar da butelin gaz tururi ne zai riƙa huda maka haɗin. Buɗe robine duka, yanke tiyon ka bari ya tsiyaye, in yana ɗiga har yanzu tura ɗan cikin burodi ciki ya tare, daga baya ruwa zai wanke shi.

Sai gogewa. Tiyon da ya daɗe a ƙasa ya yi kore ko baƙi, goge shi da sanfefa har ya yi ƙyalli, cikin rakor ma haka, sannan ka shafa dekapan (man da ke tsabtace ƙarfe don kuza ta kama) kaɗan. Ga yashinmu kuma, ƙwaya ɗaya ta maƙale a bakin ta ɓata aikin, don haka faɗaɗa ramin ka shimfiɗa buhu.

Wasu kan kuzar suke ɗora wutar shalimo (bututun da ke fesa wutar gaz), ta narke ta taru a waje kamar an yi aiki amma ciki fayau. Rakor ɗin ake gasawa, in ya ɗau zafi ka taɓa kuzar a baki ita da kanta za ta shige ta zagaye. In wuta ta yi yawa dekapan ya ƙone, sai an kwance an sake gogewa.

Don Allah kar a sa kuza mai dalma a layin ruwan sha, guba ce musamman ga yara, Amurka ta hana tun 1986. A cikin ƙasa ma ni na fi yarda da brazir, sandar jan ƙarfe da fosfor, ta fi jure motsin ƙasa.

Kuma kar ka rufe rami nan take. Bari ya huce, goge ragowar dekapan da jiƙaƙƙen tsumma don yana cin tiyo, saki ruwa ka zagaya haɗin da busasshen yatsa har ta ƙasa don ka ji ko yana yoyo, sannan ka sa tiyon a riga (abin da ake zura shi ciki don kariya) kar ya taɓa siminti ko tsakuwa, yashi mai laushi ya fara bi.