Mai jinyar tsohuwa, ki yanka wa kowa ranarsa

Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 3 ke nan ina jinyar Innarmu, likita ya ce cutar mantuwa ce, ba gigin tsufa kawai ba. Na daina ce wa dangi "ku riƙa taimakawa", don maganar ba ta kama kowa. Yanzu rana nake yankawa: Yaya, Asabar daga la'asar zuwa isha'i taka ce.

Da gangan na zaɓi lokacin. Masu wannan ciwo da yawa da yamma rikicewarsu ke tashi. Inna sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali, wai za ta gidan babanta, wanda ya rasu tun ina goye. A da gardama nake da ita har kaina ya sara. Yanzu sai in ce, "To Inna, mu sha kunu tukuna." Kafin kofin ya ƙare ta mance.

Ranar da aka karɓe ki, don Allah kada ki ɓuge da wanki. Ki kwanta, ko ki tafi unguwa. Ki je a auna jininki ma, nawa ya hau ban sani ba.