Yadda ake aiki da zaren gwal ba ya tsinkewa

Salamu alaikum ƴan uwana masu ɗinki, musamman ku yaran shago da ke koyon aiki a nan Garwa da Marwa. Sallah na matsowa, kowa na son wuyan gandurarsa ya yi ƙyalli, to ga abin da na sani game da zaren gwal.

Shi fa wannan zaren ba ƙarfe ne zalla ba, zaren nailan ne a ciki aka naɗe shi da siririyar leda mai ƙyalli, shi ya sa da ya gogu da kafar allura sai ledar ta saɓule ta cukurkuɗe. In da hannu kake yi kar ka yanko mai tsawo, kamu ɗaya ya isa, wajen santimita 40, in ya ƙare ka sake wani. Allurar kuma ta zama mai faɗin kafa.

Amma ni dai abin da na fi so shi ne kwantarwa. Ka zana adon da alli, ka shimfiɗa zaren gwal ɗin a bisa zanen, sai ka ɗauko siririn zare ruwan ɗorawa kana ɗaure shi kaɗan kaɗan, shi gwal ɗin ba ya ratsa yadin sam sai a farko da ƙarshe inda za ka cusa bakinsa ta baya. Dubi alkyabbar da ake sawa a fadar Lamiɗo ran hawa, yawancin aikin a kwance yake, ga shi ba ya cin zare, wallahi in an yi shi a kan karan-miski baƙi sai ka tsaya kana kallo.

In keke ne, sa allura lamba 90, sassauta zaren sama, a kwarkwaro kuma zaren yau da kullum za ka sa ba gwal ba. Kar ka taka da gudu. Gwada a ƙyalle tukuna kafin ka taɓa shaddar mutane.

Sai ka ja kunnen mai kaya, ban da ruwan jabel, wato bilic mai cire launi, wanki da ruwan sanyi a hankali, guga ta baya da ƙyalle a tsakani. In zai kai wa masu bugu ya ce su tsallake wajen aikin, na ga rigar da aka buga gwal ɗin duk ya farfashe, sai da muka warware wuyan gaba ɗaya.