Yadda ake gano kwafin bayanai mafi kusa domin intanet ta yi sauri

Idan mutum ya buɗe shafi a Sakkwato, ba lallai ba ne bayanan su taso daga Amurka. Kamfanoni irin su Google da Cloudflare suna ajiye kwafin hotuna da bidiyo a rumbunan da ke kusa da jama'a, kuma a Najeriya yawancin rumbunan suna Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku ke sauka. Haske a cikin wayar fayiba yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya, saboda haka idan bayanan daga wuri mai nisa kamar Landan suke zuwa, jinkirin tafiyar yana nan komai ƙarfin sabis ɗin da waya ke nunawa.

A fara da awo. A buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta umarni a kwamfuta mai Windows, a rubuta ping, umarnin da ke auna lokacin zuwa da dawowar saƙo, tare da sunan shafin, a rubuta adadin milisakan ɗin a takarda. A maimaita da safe da kuma bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau layi, domin awo ɗaya ba ya isa hujja.

Daga nan sai a tambayi rumbun Cloudflare inda yake. A buɗe cloudflare.com/cdn-cgi/trace, a nemi layin da ya fara da colo: idan an ga LOS, Legas ce ke amsawa, idan kuwa LHR ne, to buƙatar ta je har Landan ta dawo.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi yin kuskure a kai. DNS, wato mai fassara sunan shafi zuwa lamba, shi ke nuna wa kwamfuta rumbun da za ta nufa a manyan shafuka da yawa. Masu shagon buga takardu da yawa sukan saka 8.8.8.8 (DNS na Google) ko 1.1.1.1 (na Cloudflare) don kawai sun ji an yaba, alhali wani lokaci DNS na kamfanin layin ne ya fi sanin kwafin da ke cikin gidansa. A ganina, bai kamata a zaɓi ko ɗaya ba sai an gwada dukkan ukun, ana goge tsohon bayani da ipconfig /flushdns kafin kowane gwaji, sannan a bar wanda ya ba da milisakan mafi ƙanƙanta a awon ping.

Kwafin da ya fi kowanne kusa kuwa yana cikin ɗakin. A cibiyar jarrabawa mai kwamfuta 30, babu dalilin da kowacce za ta sauko da sabuntawar Windows daban ta cinye data. A shiga Delivery Optimization a cikin saitin Windows, a kunna karɓa daga na'urorin da ke kan layin gida ɗaya, a bar kwamfuta ɗaya ta gama saukewa tun da dare idan akwai wuta ko sola, da safe sauran su ɗiba daga wurinta.