Idan tsohon wasa ya ƙi tashi a kwamfutar DOS

'Yan uwa, wannan abu ya ɓata mini dare uku a kan 486 ɗina (tsohuwar kwamfuta mai aiki da tsarin DOS) a nan Sakkwato. Ƙwaƙwalwa megabait 8 gare ta, amma wasa na ta kukan ƙarancin ƙwaƙwalwa. Ashe kilobait 640 na farko kaɗai yake dubawa, direbobi kuwa, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa na'urori, sun cinye wurin.

Maganin shi ne a kwashe su daga wurin. A CONFIG.SYS, fayil ɗin da DOS ke karantawa lokacin tashi, fara sa HIMEM.SYS, sai EMM386.EXE da kalmar RAM a bayansa (su biyun ne ke buɗe ƙwaƙwalwar da ke sama da 640), sannan DOS=HIGH,UMB. Direban faifan CD ka ɗora shi da DEVICEHIGH, na linzami kuma da LH a AUTOEXEC.BAT, ɗaya fayil ɗin tashi; umarnan biyu na kai direba sama da 640 ɗin ne. Buga MEM /C, ka ga wanda ke cin wuri. Ranar da na ga wurin da ya rage ya haura kilobait 600, wallahi har yaran gida na kira su gani.

Sai dai wasanni ba halinsu ɗaya ba. Wani sai da EMS, wata irin ƙarin ƙwaƙwalwa da EMM386 ke samarwa, wasan Ultima VII kuwa ba ya shiri da EMM386 sam. Tun MS-DOS 6.0 na 1993 ana iya tsara zaɓi da umarnin MENUITEM a CONFIG.SYS, kowane wasa da hanyar tashinsa. In ka kwafsa, danna F5 lokacin tashi don a tsallake fayilolin nan biyu. Fulofin ceto kuma, wato faifan tayar da kwamfuta in ta ƙi tashi, a ɓoye shi cikin leda, ƙurar hunturu ba ta barin sa.